Bindiga a Hannun Talaka: Ina Kare Kai Ya Tsaya?

Tun bayan harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agustan 2025, inda aka harbe bayin Allah suna sallar Asuba, tambaya guda ce take yawan zuwa mini bayan karatu: "Malam, ya halatta in nemi bindiga in ajiye a gida?" Mai tambayar ba neman fitina yake yi ba. Sau da yawa magidanci ne wanda ya taɓa sayar da gona ya biya kuɗin fansa.

Asalin hukuncin babu saɓani a kansa. Malaman fiƙihu sun yi masa babi, suna kiransa daf'us sa'il, wato tunkuɗe wanda ya afko maka da zalunci. A cikin Sahihu Muslim, Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, aka hana shi miƙa ta, aka yi masa izinin faɗa, aka kuma yi masa bushara da shahada idan aka kashe shi a kai. Idan haka lamarin dukiya yake, to rai da mutuncin iyali sun fi cancanta. Duk mai ce wa ɗan ƙauye ya naɗe hannu ana jan 'yarsa zuwa daji, ba da yawun Shari'a yake magana ba.

Sai dai malaman da suka buɗe wannan ƙofa su ne suka yi mata shinge. A mazhabarmu ta Malikiyya ana fara yi wa maharin gargaɗi idan akwai sarari, sannan a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai hana shi. Ba a nufin kisa sai an san ba zai kau ba sai da shi. Wanda ya shigo gari da AK-47 yana harbi, babu wani gargaɗi da ya rage a yi masa. Amma da zarar ya juya baya ya gudu, ko an kama shi an ɗaure, izinin ya ƙare nan take. Abin da ya rage na alƙali ne, domin hukuncin 'yan fashi da aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta zo da shi, hukuma aka ɗora wa zartar da shi.

A nan ne ƙafarmu take zamewa. Mutum yakan sayi bindiga da niyyar tsaron ƙofar gida, washegari ka gan shi cikin ayarin da zai je ƙona ruga. Mutanen Zamfara sun san yadda wasu 'yan sa-kai suka riƙa kama Fulani a kasuwanni suna kashewa a kan zato, da masu laifi da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, sun kuma san irin ramuwar gayyar da ta biyo baya a kan ƙauyuka. Wannan ba kare kai ba ne. Kuma mun ɗanɗani ɗacinsa ta ɗaya gefen: a watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an kashe mafarauta goma sha shida 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida, hujjar masu kisan ita ce bindigogin farautar da aka gani tare da su. Mun yi kuka, kuma kukanmu gaskiya ne. To, zaton da muka ƙi a yi mana hukunci da shi, bai halatta mu kashe wani da shi ba.

Ta fuskar dokar ƙasa, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon larura don kare rai ko dukiya. Mallakar makamin kuwa magana ce daban. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi sai da lasisin Shugaban Ƙasa, irin su bindiga mai baki biyu sai da na Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Babu gwamna a cikin jerin. Shi ya sa lokacin da Aminu Bello Masari ya yi kira ga Katsinawa su nemi makamai a 2021, da lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce Zamfarawa su nemi lasisi a 2022, maganar ba ta sauya komai ba a gaban kotu. Hafsan hafsoshin tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Talakan da ya ɗauki kiran da gaske, shi kaɗai zai amsa tuhuma.

Don haka amsar da nake ba mai tambayata ita ce: ka nemi abin da doka ta yarda ka riƙe ta ƙofar lasisi, domin bin shugabanni a irin wannan tsari na kiyaye jinin jama'a yana cikin abin da addini ya wajabta. Ka koyi sarrafa shi, ka nesanta shi daga yara da lokacin fushi, ganin cewa ko nuna wa ɗan'uwa makami da wasa hadisi ya hana. Idan gari zai tsare kansa, ya yi a ƙarƙashin mai gari da sanin jami'an tsaro, da rajistar sunan kowane mai ɗauke da makami.

Su kuwa gwamnatocin Katsina da Zamfara da suka kafa rundunonin tsaron al'umma a 2023 da 2024, nauyin da ke kansu ya wuce raba babura da kaki. Duk askarin da ya kashe wanda aka riga aka kama, a gurfanar da shi gaban alƙali, a kuma sanar da dangin mamacin ranar zaman kotu.