Cinikin katin Pokémon a intanet: wa yake cin ribar?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani matashi a Amurka ya yage 'yar leda, ya zazzago katuna, ya ɗaga guda mai ƙyalli yana ihu, sai ka ga an rubuto ɗaruruwan daloli a fuskar wayarka. Daga ƙarshe ya ce kai ma za ka iya: ka sayi kati, ka ɗora shi a eBay ko Mercari, kuɗi su riƙa shigowa. Ra'ayina shi ne sana'ar gaskiya ce, amma ba yadda bidiyon ke nuna ta ba, kuma wanda ya zuba ɗan jarinsa saboda bidiyo zai yi kuka da idonsa.

Ga wanda bai san su ba, katunan nan 'yan ƙananan kwalaye ne masu ɗauke da hoton ɗan wasa ko na wata halittar zane, waɗanda ake tarawa ana musaya. Na Pokémon sun fara fitowa a Japan a 1996, suka shiga Amurka a 1999. Akwai na Yu-Gi-Oh!, akwai na 'yan ƙwallo da kamfanoni irin su Panini da Topps ke bugawa. Wasu daga ciki sun yi tsadar da hankali ba ya ɗauka. A 2021 Logan Paul ya mallaki katin Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5.275. A watan Agustan 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. A shekarar ce kuma wani katin Pelé na 1958 ya haura dala miliyan 1.

Waɗannan alƙaluma ne ke ruɗar mutane. Abin da ya sa katunan suka yi tsada shi ne ƙarancinsu: an buga kaɗan, ko kuma shekaru sun cinye yawancinsu. Katin da za ka saya yau labarinsa daban ne. Kamfanin Pokémon ya buga katuna sama da biliyan 11 a shekara guda, tsakanin 2023 da 2024. Abin da aka buga da biliyoyi, ta ina zai yi wuyar samu? An taɓa yin irin wannan a Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mutane sun yi ta jibge katunan 'yan wasa a akwatuna da sunan ajiya don gaba, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Yau akasarinsu ba su da wata daraja. Haka ma zazzaɓin da ya tashi lokacin kullen korona: rububin ya kai ga shagunan Target suka dakatar da sayar da katunan a watan Mayun 2021 bayan wata hatsaniya, amma daga baya farashin katuna da yawa ya faɗi, ya bar waɗanda suka saya da tsada riƙe da kaya.

Sayen leda a rufe da fatan dacewa da kati mai tsada kuwa, cinikin biri a sama ne. Ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, kuma galibi abin da za ka tarar bai kai kuɗin ledar ba. Wannan ya fi kusa da caca a kan kasuwanci. Mai bidiyon ba ya asara don yana samun kuɗin talla daga kallon da kake yi. Ledoji hamsin da ya yage bai samu komai ba, ba zai nuna maka su ba.

To, su wa ke samu? Waɗanda suka ɗauki abin a matsayin dillanci. Sukan sayi tarin katuna a dunƙule daga wanda ya gaji da su ko yake neman kuɗi da gaggawa, su zauna su tantance, su sayar ɗaya bayan ɗaya. Sun san bugun farko, sun san jabu. Suna duba kusurwar kati da gefensa da fuskarsa da daidaiton hotonsa, domin abubuwan da kamfanonin tantancewa irin su PSA ke dubawa ke nan kafin su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Tsakanin maki 9 da 10 kuɗin kati na iya ninkawa. Ita kanta tantancewar biya ake yi, a jira makonni, kuma babu tabbacin makin da zai fito. Ribarsu kaɗan-kaɗan ce, yawan ciniki ne ke tara ta.

Mu yi lissafi. A ce ka sayi kati dala 20, ka sayar dala 40. Kana ganin ka ci dala 20. Sai eBay ya cire kimanin kashi 13 cikin ɗari, sama da dala 5 ke nan. Sai kuɗin ledar kariya da na aikawa. Mai sayarwa a cikin Amurka yana iya aika ƙaramin kati a ambulan da dala ɗaya ko biyu. Kai da ke Kano ko Maraɗi fa? Sai ka biya an kawo maka katin daga waje, sannan ka sake biya a mayar da shi wajen mai saye, kuma kuɗin aikawa mai lambar bibiya zai iya fin kuɗin katin. Ga canjin kuɗi, ga neman hanyar da dalar za ta shigo asusunka. Idan mai saye ya ce katin bai zo yadda ka bayyana ba, dokar dandalin na ba shi damar neman a mayar masa da kuɗinsa. Sabon asusu daga nesa, wanda babu shaidar kowa a kansa, ba shi ne mai saye zai fara amincewa da shi ba.

Wani zai ce ai kowace sana'a da haɗarinta. Gaskiya ne. Idan kana karatu ko aiki a Ingila, Amurka ko Japan, inda masu saye suke kusa kuma gidan waya ke da sauƙi, kana iya gwadawa da kuɗin da ba za su hana ka barci ba, a kan nau'in kati guda da ka sani sosai. Amma kaya suna da daraja ne inda ake nemansu. Kafin ka saya, ka ƙirga mutum nawa ka sani a garinku da za su cire dubu hamsin su sayi katin Charizard.

Duk da haka akwai abin ɗauka a wajen dillalan kati. Ba sa kallon farashin da mai kaya ya rubuta, sai wanda aka riga aka saya. A eBay akwai maɓallin "Sold items" da ke nuna hakan. Suna ɗaukar hoto mai haske ta gaba da baya, suna faɗin aibin kaya tun kafin a tambaya, suna rubuta duk abin da suka kashe. Sun kuma san riba tun wajen saye ake samunta. Duk wannan zai yi maka aiki a kan tsohuwar waya, agogon hannu, madannin PlayStation ko rigar ƙwallo, kayan da za ka samo a kasuwa irin ta Farm Centre, ka ɗora a Jiji ko Facebook Marketplace, mai saye ya zo ya gani da idonsa ya biya.

Don haka idan bidiyon ya sake zuwa maka, ka kalla ka yi nishaɗi. Kafin ka taɓa asusunka dai, ka amsa tambaya uku: nawa aka sayar da irinsa a makon nan, nawa zai rage bayan an cire komai, kuma wa zai saya a hannunka?