Labarin garkuwa da mutane: littafi ya iya, fim ɗinmu bai iya ba tukuna

1/ Kwana biyu ina ganin ana ta kira wai Kannywood ta ɗauko littattafan garkuwa da mutane da ake rubutawa a WhatsApp da Wattpad ta mai da su fim. Ni dai na ce a dakata. Ku biyo ni, zan faɗi dalili.

2/ Mu a Daura ba a littafi muka san abin nan ba. Ranar 1 ga Mayu 2019, bayan magariba, aka ɗauke Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa. Sai 2 ga Yuli aka kuɓutar da shi a Kano. Azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar salla, ba ya gida.

3/ Me ya cika wata biyun nan? Jira. Jita-jita a majalisa, addu'a a masallatai, waya ta yi ƙara gaban mutum ya faɗi. Wannan shi ne cikin labarin, kuma nan littafi ya fi fim ƙarfi, don yana shiga zuciyar mai jira ya zauna.

4/ Ko Amurka abin ya ba su ruwa. Ann Patchett ta rubuta Bel Canto a 2001, ta gina shi kan garkuwar da aka yi a gidan jakadan Japan a Lima, kwana 126. Littafin ya ci kyaututtuka. Da aka yi fim ɗinsa a 2018, ga Julianne Moore a ciki, bai yi armashi ba. An matse watanni cikin ƙasa da awa biyu.

5/ To balle mu? Wallahi na san yadda za a yi. Za a ba babban jarumi rawani da bindiga, a tsara masa kalamai masu daɗi, yara su kwaikwaya a TikTok. Sai a saka waƙa tsakanin ɗan bindiga da yarinyar da ya sace. Wanda ya sai da gona ya biya kuɗin fansa ya zauna ya kalli wannan? Haba!

6/ Za ku ce ai an yi fim ɗin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa tun 1976. Gaskiya ne, Adamu Halilu ya yi. Amma ku tuna abin da ke sa mutum hawaye a labarin: uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta. Ba ɓarawon yaro aka yi wa kwalliya ba.

7/ Don haka ga sharaɗina. In za ku yi, ku bar kyamara a tsakar gida. Ku nuna matar da ke kwana da waya a hannu, da ƙanin da ke bin dangi yana tara kuɗi. Dajin, murya kawai ta isa.

8/ In ba za ku iya ba, ku bar mana littafin yadda yake. Allah ya kuɓutar da duk wanda ke hannunsu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amin.