Yahudawa Ba Su Hana Ka Dafa Aska Ba

Da hunturu ya kama, an kai amfanin gona rumbu, sai gardamar kaciya ta taso daga Tambuwal har Kebbe. Matasa masu aure na kai jariransu asibiti, dattawa na cewa wannan koyi ne da Yahudu, a bar yaro ya kai shekara bakwai wanzami ya zaunar da shi.

Dattawan ba daga kansu suka ƙago maganar ba. Malaman Malikiyya sun karhanta yi wa yaro kaciya ranar suna, domin ta yi kama da aikin Yahudawa, suka fi son a jira ya fara famfara. Yana nan cikin Mukhtasar na Khalil. Yahudawa kuwa a kwana na takwas suke yi, alamar alkawarin da suka ce Allah ya ƙulla da Annabi Ibrahim. Da yake mu ba mu cika ƙirga ranar haihuwa ba, bakwai ɗinmu kan faɗo daidai kan takwas ɗinsu.

To amma rana aka karhanta, kuma karhanci ba haramci ba ne. Wane littafi ya hana kaciya a wata biyu? Shafi'awa ma ranar bakwai ɗin suka fi so, babu wanda ya ce sun bar Musulunci.

Su kansu Yahudawan da ake ambata ba bakinsu ɗaya ba. Musa bin Maimun, malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya ce hikimar gaggautawa ita ce jariri bai san zafi sosai ba, kuma in aka bar shi ya girma yana iya ƙi. A 1843 wasu 'yan kawo sauyi a birnin Farankfot na Jamus sun ce ba dole ba ce, malamansu suka yi musu ca. A 2012 wata kotu a Kolon ta ɗauki kaciyar yaro a matsayin raunata shi. Musulmi da Yahudawa suka tashi tare, kafin shekarar ta ƙare majalisa ta halatta ta da sharaɗin a yi bisa ƙa'idar likitanci.

Sharaɗin nan ne ba mu son ji. Muna jayayya kan kwana, alhali a ƙauye ana jera yara goma a zaure, aska ɗaya, a barbaɗa toka ko garin magani a kan rauni. Ta nan ciwon hanta ke tsallakawa daga jini zuwa jini, ta nan tetanus ke shiga. Yaron da jininsa ba ya tsayawa, sai an yanka ake ganewa, asibiti kuma na da nisa.

Ba na neman a ƙwace wa wanzamai sana'ar gado. Sarakunan aska su zauna da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin biyu kafin hunturun bana: sabuwar reza ga kowane yaro, safar hannu, da lambar wayar wanda za a kira in jini ya ƙi tsayawa.