Notin Juyen Baƙin Mai da Injinan da Muke Kashewa da Hannunmu

Da zarar kaka ta kama a kudancin Katsina, duk abin da ke da taya huɗu sai ya hau titi. Tsofaffin J5 da Kanta da Golf da Sharon, har da waɗanda suka shafe damina a jingine bakin gareji, sai a tayar da su su shiga jigilar masara da dawa da waken suya da auduga tsakanin Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Funtuwa da Ɗandume, wasu kuma su miƙi hanyar Dayi zuwa Gwarzo su shige Kano. Kafin fitar nan kusan kowane direba yakan tsaya a yi wa motarsa sabis, a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. A kan wannan ɗan aiki na minti ashirin nake son mu tsaya yau, domin a cikinsa akwai wani noti da bai kai tsawon babban yatsa ba, wanda yake iya cinye ribar kaka ɗungurungum.

A ƙasan kowane inji akwai kasko inda mai ke taruwa, wanda kanikawa ke kira botom filet. A gindin kaskon akwai rami, ramin kuma noti ne ke toshe shi. Shi ake kwancewa mai ya zube, a mayar a ɗaure. Injin ƙaramar mota yana ɗaukar kimanin lita 4 na mai, kuma abin da ya tsaya tsakanin wannan mai da kwalta shi ne notin nan da wata 'yar washa mai kamar zobe. Idan ya faɗi mota na cikin gudu, mai mai zafi ba ya ɗaukar lokaci zai tsiyaye, jar fitila ta kama a gaban direba, kafin ya gama tunanin ko wayar fitilar ce ta sami matsala, kiranshaf ya riga ya fara cin ƙarfe a bushe. Shi ke nan, sai ka ji an ce inji ya buga. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Mutane kan haɗa abubuwa biyu su mayar da su ɗaya idan ana maganar kayan gyara, wato inganci da dacewa. Noti yana iya zama na ƙarfe gangariya, amma ba na motarka ba ne. Wannan na biyun ya fi yi mana ɓarna, ga shi kuma ba a cika lura da shi ba.

Kowane noti yana da awo biyu: kaurinsa, da tazarar da ke tsakanin zarensa, abin da kanikawa ke cewa tiredi. Yawancin ƙananan motocin Toyota da Nissan suna amfani da noti mai kaurin milimita 12 da tazarar zare 1.25. Honda da galibin Volkswagen kuwa nasu milimita 14 ne da tazara 1.5. Akwai kuma mai milimita 14 da tazara 1.25, wanda shi ne awon zaren fulogin wuta da aka saba gani. In ka ɗora waɗannan biyun na ƙarshe a tafin hannu, ido ba zai raba maka su ba. To amma mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. Bambancin tazararsu rubu'in milimita ne a kowane zagaye. Zagaye na farko noti zai shiga lafiya, na biyu ya ɗan yi tauri, a na uku kuskuren ya taru ya kai 0.75, wato rabin tazarar zaren ramin, inda tudun zaren noti ke hawa kan tudun zaren kasko. A nan ne notin ke cijewa. Bakanike mai hankali zai dakata ya warware ya duba. Yaron gareji kuwa, wanda aka koya masa cewa tauri alamar kamawa ce, sai ya zura bututu a ƙotar sifana ya danna da iyakar ƙarfinsa. Notin zai shige, amma ya shige ne yana yanka sabuwar hanya a jikin kaskon.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan dabara. Wasu motocin Amurka, musamman tsofaffi, ramin nasu da inci aka auna shi: rabin inci, zare 20 a kowane inci. In ka mayar da shi milimita, kauri 12.7 ke nan, tazara 1.27. Notin Toyota mai 12 da 1.25 zai shiga wannan rami sumul, har ya yi kamar ya ɗauru, alhali bakin zaren kawai ya ɗan kama. Irin wannan ne ke kai mutum Bakori lafiya, ya yi masa tsiya kafin Funtuwa.

Masu ƙera inji sun daɗe da shan wannan wahala kafin mu. A farkon zamanin masana'antu a Ingila kowace maƙera da irin zaren da take yankawa, notin wannan ba ya shiga ramin wancan. A shekarar 1841 Joseph Whitworth ya gabatar da awo guda wanda zarensa ke da kusurwar digiri 55, kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa. A 1864 William Sellers ya fito da nasa a Amurka mai digiri 60. Wannan saɓani ya bi su har Yaƙin Duniya na Biyu, inda kayan gyaran Amurka suka riƙa ƙin shiga injinan Ingila alhali suna yaƙi a sahu ɗaya, sai a 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka amince da awo na bai-ɗaya. Yau mafi yawan duniya tana kan awon milimita. Abin da nake son ɗalibanmu su lura da shi shi ne, ƙasashe masu jiragen yaƙi sun zauna teburin shawara a kan zaren noti, mu kuwa har gobe da ido muke gwada shi, sai mu ce zai yi maneji.

Kasuwarmu ta ƙara dagula lamarin. A zamanin da Peugeot ke fitowa daga Kaduna, tun daga 1975, bakaniken Malumfashi 504 ya sani, ya san notinta kamar yunwar cikinsa. Yanzu gareji guda kan karɓi motar Japan da ta Jamus da ta Koriya da ta Amurka a wuni ɗaya, yawancinsu 'yan Kwatano, wasu an riga an sauya musu inji ko kasko tun kafin su iso hannun mai su na yanzu. Ko sunan mota bai isa ya gaya maka notin da ke ƙarƙashinta ba. Mai shagon safaya kuma, wanda ya saro kayansa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sau da yawa a cikin gwangwani ɗaya yake tara su, ba kwali ba lamba. A miƙo masa tsohon noti, ya tona gwangwani ya ɗauko mai kama da shi.

Sai batun ingancin kansa. Jabun noti yakan zo da ƙarfe mai taushi, kansa ya murje bayan ɗauri biyu ko uku har sifana ta daina kama shi, daga nan sai a koma ga guduma da kurfi. Wani zarensa ba a yanka shi da kyau ba, yana da ƙaiƙayi kamar zarto. Wani kuma kafaɗarsa, inda washa ke zama, ba ta miƙe daidai ba, ko an ɗaure sai ya yi tsatsafo. Akwai masu ɗan maganaɗisu a baki don kama ɓurɓushin ƙarfe, dabara ce mai kyau, amma a na arha maganaɗisun da gam aka liƙa shi, in ya ɓalle cikin kasko ya zama wata sabuwar fitina. Sai dai a nan akwai abin da ya saɓa wa tunanin da muka saba da shi: mafi taurin noti ba shi ne mafi alheri ba. Motoci da yawa na yanzu kaskonsu na alminiyam ne, wanda bai kai ƙarfe tauri ba. Idan aka matsa fiye da kima, zaren kasko ne ke tafiya, notin ya fito lafiyarsa lau yana ɗauke da guntayen alminiyam a jikinsa. An ceci abin ɗari an kashe na dubbai.

Washar nan kuwa, wadda yara ke yarwa cikin tsohon mai ko su mayar da ita sau goma, ita ce ainihin mai hana yoyo. Da tagulla ko alminiyam ake yin ta don ta lotse in an ɗaure, ta cike 'yan ramukan da ido ba ya gani. Da ta lotse sau ɗaya ta gama aikinta. Idan aka mayar da tsohuwa sai mai ya riƙa ɗiga, maganin da aka sani kuma shi ne a ƙara matsawa, ƙarin matsin ya cinye zare, zare ya mutu a naɗa masa farin tef na masu gyaran famfo ko a shafe shi da gam. Kamfanonin mota suna rubuta iyakar ƙarfin da za a ɗaure notin da shi, a yawancin ƙananan motoci bai wuce abin da hannu ɗaya zai yi da gajeriyar sifana ba, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙara in an kai iyakar. Sai ka zaga gareji da yawa ba ka ga ko ɗaya ba.

Kada mai karatu ya raina ɗigo. In muka ƙaddara ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya, to notin da ke sakin ɗigo guda a minti zai zubar da kusan lita ɗaya cikin mako biyu. A motoci da yawa lita ɗayan nan ita ce duk tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin gejin mai.

Wa ke ɗaukar asarar? A al'adarmu ta yau, mai mota. Bakanike zai ce tsautsayi ne, mai shago ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, a taru a ba mutum haƙuri a ce haka Allah Ya ƙaddara. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, sayen wani injin ya fi ƙarfin direbobi da yawa, musamman wanda motar ba tasa ba ce, balas yake kaiwa kullum. Ga kuma abin da kowa a yankin nan ya sani ba sai an faɗa ba: mutuwar mota da almuru a wasu hanyoyin da suka nufi Ƙanƙara ko Faskari ba maganar kuɗin gyara ba ce kawai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure yana da babi a kan lamunin masu sana'a, cewa mai sana'ar da aka damƙa wa kaya yana ɗaukar nauyin abin da ya lalace a hannunsa, yana kuma da hukuncin mayar da haja in an sami aibi a cikinta. Mun iya kawo misali da maɗinki da marini, amma ban cika jin an kawo shi a kan gareji ba. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Sai dai wa zai tashi daga Malumfashi ya kai ƙarar noti?

Ba na cikin masu ɗora wa yaron gareji laifin duka. Abin da ya gani shi yake yi, kuma galibi shi ake turawa ƙarƙashin mota saboda ana ganin juyen mai shi ne aikin da ba ya bukatar ƙwarewa. Masu sayar da baƙin mai a bakin titi sun ƙara da nasu, domin sukan ce in ka saya za a juye maka kyauta, aikin kyauta kuwa kowa ya san yadda ake yin sa. Hukumar SON tana da shirin tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, amma hankali ba zai ɗauka ba a ce jami'inta zai bi gwangwanayen shagunan Funtuwa yana auna zare. Haka ma hukumar NADDC da ke horar da kanikawa, ta fi karkata ga na'urar kwamfuta mai gano cutar mota, abin da ya dace da zamani, sai dai kwamfuta ba ta ganin notin da aka ɗaure a karkace. Jihar da aka kafa wa masana'antar mulmula ƙarfe a Katsina tun farkon shekarun 1980, yau ga ta tana jiran washar tagulla daga ƙetaren teku. Wannan kuma zance ne na wani makon.

Inda nake ganin gyara zai yiwu shi ne ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin tasha. Akwai ɗan ma'aunin zare mai kama da tarin ƙananan zartuna, ana ɗora shi a jikin noti ya faɗi tazararsa nan take, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Reshen ƙungiya na iya wajabta wa kowane gareji ya mallaki guda, da sifana mai awo ko da ta karo-karo ce tsakanin gareji uku, a kuma sa masu shago su ware notuna bisa lambarsu. In zaren kasko ya riga ya mutu, akwai gyara na gaskiya: a faɗaɗa ramin a dasa masa sabon zare na ƙarfe, ko a yanka zare na gaba da shi a sa noti mai kaurin da ya dace, maimakon gam da tef.

Shi kuma mai mota, ya daina tafiya shan shayi lokacin da ake juye masa mai. Ya tsaya ya ga an fara ɗaura notin da yatsu, ya shige zagaye huɗu ko biyar ba gardama kafin sifana ta taɓa shi. Ya sayi sabuwar washa tare da filta a kowane sabis, ya ajiye notin asali na motarsa ko da kansa ya ɗan murje, don ya zama abin gwaji ranar da za a sayi wani. In an gama a tayar da inji na 'yan mintuna a leƙa ƙasa, washegari da safe kuma, kafin a loda buhu ko ɗaya, a dubi inda motar ta kwana.