Rufin Asirin Da Ke Kai Uwa Kabari



Makon jiya bayan sallar Isha'i muna zaune a teburin mai shayi na bakin masallaci, sai muka ji samari sun kaure da musu har da ɗaga murya. Wai a kan wasu 'yan Amurka biyu, wa da ƙani, da suka harbe uwarsu da ubansu, aka yi fim ɗinsu ana ta turawa daga waya zuwa waya. Wani yaro da bai wuce shekara 20 ba ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa tausayinsu na ji, ai uban ne ya jawo." Wani dattijo abokin cinikinmu ya tofar da yawu ya ce, "Ku rabu da mu da zancen Turawa, ɗan Musulmi ba ya haka." Muka tashi ba wanda ya gamsar da mu a cikinsu, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da labarin da ake musu a kansa. Ranar 20 ga Agusta 1989, a unguwar masu hannu da shuni ta Beverly Hills a jihar Kalifoniya, Lyle Menendez mai shekara 21 da ƙanensa Erik mai 18 suka shiga falo da bindigogi suka buɗe wa ubansu José da uwarsu Kitty wuta. Suka kira 'yan sanda suna kuka, wai sun dawo gida sun tarar da gawa. Cikin 'yan watanni suka shiga facaka da dukiya, agogon Rolex, motar Porsche, har da sayen gidan abinci. Asiri ya tonu bayan ƙaramin ya faɗa wa mai duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, aka kama su a 1990. A kotu suka ce uban ya yi shekaru yana lalata da su tun suna ƙanana. Wata 'yar uwarsu ta ba da shaida cewa babban ya gaya mata yana ɗan shekara 8, ta kai wa uwar magana, uwar ta ƙi yarda. Lauyoyin gwamnati suka ce ƙarya ne, gado suke so. A 1996 aka yanke musu ɗaurin rai da rai. A 2025 wani alƙali ya sassauta hukuncin, amma hukumar afuwa ta ƙi sakinsu.

Na biyu ya fi kusa da mu. A garin Markham kusa da Toronto a Kanada, akwai wasu miji da mata da suka yi hijira daga Biyatnam. Baƙi ne irinmu, suna aikin ƙarfi a masana'antar kayan mota, sun ɗora duk burinsu a kan 'yarsu Jennifer Pan. Dole ta zo ta ɗaya, dole ta zama wata. Da ta fara faɗuwa a makaranta ba ta ga fuskar da za ta faɗi gaskiya ba, sai ta shiga ƙirƙirar takardun sakamako na bogi. Ta yi shekaru tana fita da safe wai jami'a za ta, har wai tana karatun haɗa magunguna, alhali ko sakandare ba ta kammala ba. Da iyayen suka gano, suka ƙara ɗaure ta a gida. Daren 8 ga Nuwamba 2010 wasu 'yan bindiga suka shiga gidan, suka kashe uwar, suka harbi uban. Allah ya sa da sauran kwanansa, ya farfaɗo ya ce ya ga 'yarsa tana hira da maharan kamar ta san su. Kotu ta same ta da laifi a 2014. Daga baya an ce a sake shari'ar kisan uwar, amma hukuncin yunƙurin kashe uban yana nan.

Na uku a gidan sarauta ya faru. Ranar 1 ga Yuni 2001, a fadar Kathmandu ta ƙasar Nefal, Yarima Dipendra mai jiran gado ya buɗe wa danginsa wuta ana tsakar liyafa. Mutum 9 suka mutu, ciki har da ubansa Sarki Birendra da uwarsa Sarauniya Aishwarya, sannan ya harbi kansa. Kwamitin bincike ya ce ya sha barasa ya kuma sha hayaƙin maye a daren. An daɗe ana maganar rigimarsa da iyayensa a kan yarinyar da yake so ya aura. Bayan shekara 7 aka rushe sarautar ƙasar gaba ɗaya.

To jama'a, ku duba gidajen nan uku. Ɗaya na attajiri, ɗaya na ɗan ci-rani, ɗaya na sarki. Addininsu daban, yarensu daban. Abin da ya haɗa su shi ne a kowane gida akwai wata ɓarna da ta daɗe tana ruɓewa, wasu sun sani ko sun ji warinta, aka ja mayafi aka rufe saboda kada duniya ta ji. Daren da aka zubar da jini shi ne ƙarshen labari. Farkonsa yana can baya, ranar da aka ce a yi shiru.

Yanzu mu dawo kan dattijonmu mai cewa ɗan Musulmi ba ya haka. Haba Alhaji! Ba ka jin rediyo ne? Sau nawa muka ji 'yan sanda a Arewa sun gabatar da matashi da ya daɓa wa uwarsa wuƙa, ko ya rotse kan ubansa da taɓarya? Sunan Musulmi gare su, wasunsu har allo sun wanke. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi tare da gwamnatinmu a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke shan ƙwaya. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ka zaga bayan gareji da magariba ka ƙirga kwalabe da ledar tiramol, sannan ka dawo ka gaya mana 'ya'yan wa ke sha.

Ba ma wanke kanmu ba. Bara wata baiwar Allah mai sayar da abinci, mijinta ya rasu, ta same mu bayan Asuba da hannu a naɗe. Ta ce zamewa ta yi a banɗaki. Da muka matsa sai ta fashe da kuka. Ɗanta ne ya fasa mata akwati, ta tare ƙofa, ya ɗauki muciya. Ta ce, "Allah gafarta Malam, don girman Allah kada mai gidanmu ya ji, korarmu zai yi. A taimaka mini da addu'a kawai." Muka yi mata addu'a, muka ba ta rubutu, muka ja bakinmu. Bayan wata biyu yaron ya bi ta da wuƙa a tsakar gida, maƙwabta ne suka ja ta cikin ɗaki suka sa sakata. Wallahi da an kashe matar nan, da muna cikin waɗanda Allah zai tambaya. Addu'a gaskiya ce, amma Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Mu raƙumin muka saki.

Mun san abin da za a ce. Za a ce mu baƙi ne a ƙasar Yarbawa, in muka kai ɗanmu caji ofis gobe a ce duk Hausawa 'yan ƙwaya ne. Za a tuna mana rikicin kasuwar Sasa na Fabrairu 2021, yadda ƙaramar magana ta zama wuta. Wannan tsoro ba na banza ba ne, mu ma a nan muke kwana. Amma mu tambaye ku, wanne ya fi zubar da mutuncin unguwa? Dattawa su ɗauki yaro da rana tsaka su kai shi asibiti, ko 'yan jarida su zo su ɗauki hoton gawar tsohuwa ana fito da ita daga Sabo? Rufin asirin da Musulunci ya yaba shi ne na wanda laifinsa ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ke ɗaga wa uwarsa makami, taimakon da za a yi masa shi ne a riƙe hannunsa, haka hadisi ya koyar a kan ɗan uwa azzalumi.

Wasu kuma da an ce yaro ya fara surutu shi kaɗai, ba ya barci, yana zargin uwarsa da sa masa guba, sai su ce aljanu ne ko asirin kishiya. A yi ruƙiyya, ba mu hana ba. Amma ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da likitoci. Ga UCH nan a bakin ƙofarmu, ga asibitin Aro a Abeokuta, ga na Yaba a Legas. Kuma kada a ce gidan mari ne mafita. A 2019 'yan sanda sun fasa irin gidajen nan a Kaduna da Daura da nan Ibadan, duniya ta ga mutane cikin sarƙa da tabon bulala. Yaron da aka ɗaure shekara biyu ana jibga, in ya fito, wa kuke zaton zai fara nema?

Ku kuma samari masu tausayi, ku saurara da kyau. In abin da 'yan Menendez suka faɗa a kan ubansu gaskiya ne, to babban azzalumi ne, kuma duk wanda ya ji ya yi shiru yana da nasa kaso. Amma baligai ne, da mota da kuɗi da ƙafar tafiya. Ƙofa a buɗe take. Suka zaɓi sayen bindiga. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ɗa ko yi wa iyayensa tsaki. Suratu Luƙman ta ce ko shirka suka kira ka, ka ƙi bin su amma ka zauna da su da kyautatawa. Wanda ya karanta Risala ya san mai kisa da gangan ba ya cin gadon wanda ya kashe. A dokar ƙasar nan kuma hukuncin kisa ne. Masu fim kuɗi suke nema, sun san in aka sa kyakkyawan saurayi yana hawaye za ku kalla har Asuba. Su iyayen da ke kabari ba mai ba su dama su faɗi nasu ɓangaren.

Amma iyaye, maganar yaron nan tana da wani gefe da ya kamata mu ji. Akwai uban da tun safe yana rumfa har dare, bai san ajin ɗansa ba, bai san abokansa ba, in ya buɗe baki sai zagi da tsinuwa. Akwai wanda ya kashe kuɗin goro da albasa a kan yarinya yana shelar likita za ta zama, bai taɓa taka makarantar ba, ita kuma ta san ranar da ta ce ta faɗi jarrabawa ranar ce za ta bar gida. Akwai gidan da yarinya ta ce kawu ko baƙon mai gida yana taɓa ta, aka doke mata baki. Ɗan da ba shi da wanda zai gaya wa gaskiya a gidansu, ƙarya zai koya, ƙarya kuwa in ta yi yawa nauyi gare ta.

Ga abin da muke roƙon majalisar Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. A ware dattawa maza uku da mata uku masu riƙon amana, waɗanda uwa ko ɗa zai iya samu a asirce ba tare da maganar ta isa teburin mai shayi ba. Duk ɗan da ya ɗaga wa iyayensa hannu ko makami, a ranar za a sanar, ba sai an ga jini ba. A buɗe asusu daga kuɗin ƙungiyoyinmu don kai marasa hali asibiti, tunda muna iya haɗa kuɗin mayar da gawa gida. Masu gidajen haya su daina korar matar da ta kawo kukan ɗanta. Mai kemis ɗin da aka kama yana sayar wa yara ƙwaya a yi masa gargaɗi sau ɗaya, in ya ƙi a miƙa shi ga NDLEA ko ɗan wane ne.

Yaron mai muciya yanzu yana shan magani, yana taya uwarsa jidar ruwa. Ba mu ce ya warke ba, amma tana barci da ido biyu a rufe. Duk wadda ke cikin irin halinta, ko ɗan da ke da maganar da ya rasa wanda zai gaya wa, muna masallaci kullum bayan La'asar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya tun da sauran lokaci.