Haƙƙi ba kyautar gwamnati ba ne

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu na Zango, musamman idan zaɓe ya ƙarato: wai gwamnati kaza ta ba mu 'yanci, ta bar mu mu zauna lafiya, saboda haka a gode mata. Masu faɗin haka ba mugaye ba ne, amma maganar tasu tana da haɗari. Duk abin da aka yarda kyauta ne, mai bayarwa yana da ikon karɓe abinsa ranar da ransa ya ɓaci.

Tarihin ƙasar nan ya isa shaida. A watan Agusta 1957, wata biyar kacal bayan samun mulkin kai, gwamnatin Nkrumah ta nemi korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Musulmin Kumasi da ke goyon bayan 'yan adawa. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta kashe shari'ar, aka fitar da su zuwa Najeriya. Doka guda domin mutum biyu! A 1958 aka kafa dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. Da Baffour Akoto da abokan tsarensa suka ƙalubalance ta, Kotun Ƙoli ta ce a 1961 alkawarin da shugaban ƙasa ya yi na kare 'yancin jama'a kamar rantsuwar naɗin sarautar Ingila ne, ba abin da kotu za ta tilasta ba. Lauyansu, J. B. Danquah, a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965, ƙarƙashin wannan dokar.

Kada wani ya ce laifin jam'iyya ɗaya ne. Waɗanda suka yi kuka a 1957 su ne suka hau mulki a 1969, kuma gwamnatin Busia ce ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Cikin waɗanda suka karyar da kayansu suka hau mota har da waɗanda aka yanke wa cibiya a nan.

Tsarin mulkin 1992 ya gyara tushen maganar, kuma abin takaici ne yadda kaɗan daga cikinmu suka karanta shi. Sashe na 1 ya ce mulki na jama'ar Ghana ne, da sunansu kuma domin jin daɗinsu ake amfani da ikon gwamnati. Wato iko aro ne. Sashe na 12 ya ba kowane mutum da ke Ghana haƙƙoƙin ɗan Adam, ko daga ina asalinsa yake, ko wane addini yake bi. Sashe na 33 ya ƙara da cewa haƙƙoƙin da aka lissafa ba su kore waɗanda ba a ambata ba. Wannan iƙirari ne cewa haƙƙi ya girmi takarda. Abin da muka koya tun a makarantar allo ke nan, cewa Mahalicci ne Ya karrama ɗan Adam, ba sarki ba.

Za a ce mini: haƙƙin da ba kotu ba ɗan sanda, me zai tsinana? Gaskiya ne, tsaronsa yana buƙatar hukuma. Amma mai gadi bai zama mai gida ba don yana riƙe da makulli.

Saboda haka idan ma'aikaci ya ga sunan Hausa a takardar neman fasfo ya fara tambayar garin kakanni, abin da bai tambayi na gabanka a layi ba, kada ka rusuna kana roƙon alfarma. Ka tambaye shi sashen dokar da ya dogara da shi, ka nemi ya rubuta dalilinsa, ka kai ƙara hukumar CHRAJ, wadda aka kafa a 1993 domin irin wannan.