Kamfan Al'ada da Audugar Mata: Ruwa da Rana Ne Za Su Raba Gardama

Akwai maganganun da kunya ta hana mu yi a bainar jama'a, alhali kuwa littattafan da muka fara karatun addini da su ba su ji nauyin yin su ba. Duk yarinyar da ta karanta Ahalari ko Risala a gaban malama ta san hukuncin haila, da iyakar kwanakinta, da alamun ɗaukewarta. Abin da ba a cika koya mata ba shi ne da me za ta tare jinin, ta yaya za ta wanke abin da ta tare shi da shi, kuma a ina za ta shanya. A kan wannan ne nake son yin tsokaci a wannan fili, domin wani sabon abu ya shigo kasuwa, wato kamfai mai shanye jinin al'ada, wanda ake wankewa a sake sawa, kuma na ga yadda ta kaya da shi a gidanmu da ke Safana.

Abin da na gani

Wata ƙanwata da ke aure a birni ce ta aiko wa ɗiyar yayarmu, 'yar makarantar sakandare, guda uku a farkon hunturu. Watannin farko yarinya ta yi ta sa albarka. Ba gocewa irin ta ƙunzugu, ba tsoron ɓata farar riga a cikin aji, ba kuma roƙon kuɗin auduga kowane wata. Ta wanke da safe, kafin la'asar iskar hunturu ta busar da shi. Da damina ta kankama, sai labari ya sha bamban. Kamfan na da kauri, ga hadari kullum, ga shi kuma ba ta yarda ta shanya shi a igiyar tsakar gida inda 'yan'uwanta maza ke kai da komowa. Sai ta riƙa rataya shi a bayan ƙyaure ta lulluɓe da zane. Ya kwana biyu da danshi, ta sa shi a haka don babu wani. Ba a jima ba wari ya biyo baya, ƙaiƙayi ya biyo baya, har sai da aka kai ta asibiti. Kamfan da ya yi rana a watan Janairu shi ne ya ba da kunya a watan Agusta, kuma babu abin da ya sauya a jikinsa. Abin da ya sauya shi ne sararin samaniya da wurin shanya.

Jinin da ake magana a kai

Kowane wata bangon mahaifa yakan yi kauri domin shirin karɓar ciki. Idan ciki bai shiga ba, sai wannan shimfiɗa ta saɓule ta fito tare da jini. Ga yawancin mata hakan na zagayowa tsakanin kwana 21 zuwa 35, ya ɗauki kwana 2 zuwa 7. Jinin kansa bai cika wuce mililita 30 zuwa 40 ba, wato cikin babban cokali biyu ko uku, kuma likitoci na ɗaukar abin da ya haura mililita 80 a matsayin zubar da ta yi yawa, mai iya jawo ƙarancin jini. Daga balaga zuwa ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55, mace za ta yi wannan sha'ani sau ɗaruruwa. Alal misali, yarinyar da ke sauya auduga sau 3 a rana har kwana 5 tana bukatar guda 15 a wata, guda 180 a shekara. Uban da ke da mata biyu da 'yan mata huɗu sai ya ninka wannan lissafi sau shida.

Kowanne da ranarsa

Ƙunzugu shi ne na kaka da kakanni: tsohon zane mai laushi, a yaga, a ninke, a ɗaura. Audugar mata ta zamani kuwa ta samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da mata masu jinyar sojoji suka lura cewa abin da ake ɗaure rauni da shi ya fi tsumma shanye jini. Daga nan kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya fito da Kotex a wajen 1920. Ta yau tana ɗauke da wani gari mai haɗiye ruwa ya mai da shi kamar kamu, da leda a ƙasa mai hana yoyo. Amfaninta a fili yake, sai dai kuɗi take ci kowane wata, kuma tun da aka janye tallafin man fetur aka saki darajar Naira a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, duk da cewa dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin kayan masarufi daga wadda aka yi a cikin gida. Har ila yau ledarta ba ta ruɓewa da wuri, sai ta cika masai. Mata da yawa a wajenmu ma sai sun wanke ta kafin su jefar, don gudun kada jininsu ya faɗa hannun mai mugun nufi. Ke nan ita ma ba ta tsira daga neman ruwa ba.

Akwai kuma waɗanda ake sawa ciki. Ɗaya ita ce dunƙulalliyar auduga mai zare, wadda ba a barinta ta wuce awa 8, domin a 1980 an yi fama a Amurka da wata muguwar cuta ta dafin ƙwayoyin cuta da ta hallaka mata, har aka janye samfurin Rely daga kasuwa. Ɗayan kuma ɗan kofi ne na roba mai laushi, wanda wata Ba'amurkiya, Leona Chalmers, ta yi wa rajista a 1937. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a sashenta na lafiyar jama'a a 2019, wanda ya tattara bincike 43, ya nuna kofin ba ya yoyo fiye da auduga, ba ya kuma ƙara haɗarin kamuwa da cuta. Guda ɗaya kan yi shekaru. Amma yana son hannu mai tsabta da tafasawa bayan kowace al'ada, kuma a ƙasar Hausa da wuya uwa ta yarda budurwarta ta sa wani abu ciki. Ga matan aure dai abin dubawa ne.

Shi kuwa kamfan al'ada, idan aka farke ɗinkinsa za a tarar da hawa uku: na sama mai janye danshi daga fata, na tsakiya mai shanye jini, da na ƙasa mai siririyar roba da ke hana ɓullewa. A taƙaice dai ƙunzugu ne da ya je wurin tela. Wannan ba raini ba ne, yabo ne, domin ɗinkin ya magance babban aibin ƙunzugu, wato gocewa. Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata mai saye ta sani.

Na farko, ba ya ɗaukar jini kamar yadda ake talla. A 2023 masu bincike a jami'ar kiwon lafiya ta Jihar Oregon a Amurka sun gwada kayan al'ada iri-iri da jinin mutum na ainihi, maimakon ruwan gishiri da kamfanoni suka saba gwaji da shi. Auduga mai kauri da kofi sun riƙe tsakanin mililita 20 zuwa 50, amma kamfan da suka gwada bai wuce kimanin mililita 2 ba. Samfura sun bambanta, amma darasin shi ne ya fi dacewa da ranakun da jini ya yi sauƙi. Na biyu, a 2020 gwajin da aka yi a Jami'ar Notre Dame ya nuna alamar sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa narkewa a jiki ko a ƙasa, a cikin samfurin Thinx. Kamfanin ya musanta cewa ya sa su da gangan, amma a 2023 aka sanar da sulhun da ya amince ya biya har dala miliyan 5. To, idan haka ta faru da mai suna, ina ga wanda ya shigo cikin dila ba sunan kamfani ba adireshi? Na uku ya shafi ibada. Cikin kamfan galibi baƙi ne, mace kuwa tana gane ta yi tsarki ne da bushewa ko ganin farin ruwa. Saboda haka a kwanakin ƙarshe ba ta da makawa sai ta duba da farin ƙyalle ko auduga.

Inda gizo ke saƙar

Duk abin da ake wankewa a sake sawa, lafiyarsa na rataye ne a wuyan abu uku: ruwa, sabulu, da rana. A fara ɗauraye jini da ruwan sanyi, domin ruwan zafi dafa shi yake yi, kamar yadda wuta ke daskarar da farin ƙwai, sai tabon ya kama zare. Sannan a wanke da sabulu, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, domin hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta, danshi kuwa gidansu ne. Binciken da aka yi a asibitocin Jihar Odisha ta Indiya, aka buga a 2015, ya tarar cewa mata masu amfani da ƙyallen da ake sake sawa sun fi masu auduga fama da alamun ciwon sanyi. Wanda ya biyo bayansa a 2018 ya nuna cewa shanya ƙyallen a cikin ɗaki da ajiye shi a banɗaki suna da hannu a ciki. A nan ma ƙunzugu ya ɗara kamfai da abu guda: ana warware shi ya zama falle ɗaya ya bushe nan da nan, ana iya tafasa shi, ana iya bi ta kansa da dutsen guga. Kamfai mai roba a ciki ba ya jure ko ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe.

Yanzu sai mu dubi ƙasarmu. A ƙauyukan Safana da Batsari, da rani ruwa sai an bi layin rijiyar burtsatse ko an saya a jarka, kuma na sha da na girki su ne kan gaba. Da damina ruwa ya wadata, rana ta yi ƙaranci. Sannan ga abin da ya sami yankin da ke gefen Dajin Rugu daga wajen 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mata da yara daga gidajensu, suka fake a azuzuwan makarantu da gidajen 'yan'uwa a Batsari da Dutsin-ma da Katsina. A 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomin Safana da Batsari da Dutsin-ma. Matar da ta gudo da zanen jikinta, tana kwana a ɗaki guda da mutum ashirin, ina za ta wanke, ina za ta shanya? A miƙa mata kamfai ba bokiti ba sabulu, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ra'ayina

Ban ce a guji kamfan al'ada ba. Ga wadda ke da ruwa da wurin shanya, kuma take da guda biyar ko shida yadda za ta riƙa sauyawa, ya fi auduga sauƙi a aljihu idan aka yi lissafin shekara, ya kuma fi ƙunzugu kwanciyar hankali a aji. Abin da nake cewa shi ne kada mu ɗauka matsalarmu ta kaya ce kawai. Kenya ta cire haraji daga audugar mata a 2004, ta kuma yi dokar raba wa 'yan makaranta kyauta a 2017. Majalisar Sikotlan ta zartar da dokar ba da kayan al'ada kyauta ga duk mai bukata a 2020. Waɗannan abin koyi ne, amma namu matakin na farko ya fi su sauƙi.

Ya kamata kowace makarantar da 'yan mata ke zuwa ta sami banɗaki mai ƙofa da sakata, da randar ruwa da buta a ciki. Ya kamata masu raba tallafi a ranar 28 ga Mayu, wadda duniya ta keɓe wa tsabtar al'ada tun 2014, su haɗa da bokiti da sabulu, su kuma ba wa 'yan gudun hijira auduga mai zubarwa har sai sun sami matsuguni. Teloli mata na Safana da Runka da Batsari suna iya ɗinka ƙunzugu mai maɓalli, wanda ake zare ƙyallen cikinsa a warware a shanya daban. A Yuganda kamfanin AFRIpads ya fara irin wannan sana'a tun wajen 2010, mu kuwa jiharmu ce ke noma auduga a yankin Funtuwa. Ɗaliban kimiyyar ƙananan halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya auna mana wane yadi ne ya fi shanye jini, kuma awa nawa yake bukata a ranar Agusta kafin ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta. Wannan bincike ne da ba ya bukatar na'ura mai tsada.

Sauran aikin na cikin gida ne. Iyaye mata su ɗaura igiya guda a bayan ɗaki inda rana ke samu, su ce wannan ta 'yan mata ce. Mai jin nauyi ta rufa siririn mayafi a kai, iska da zafi za su ratsa. Magidanta kuma su sani cewa sabulu da auduga suna cikin cefane, kamar gishiri da daddawa. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma kuɗin asibiti na maigida ne, kuma kwanakin da yarinya ta rasa a aji asara ce ta gari duka. Ita dai ɗiyar yayarmu yanzu tana sa auduga a kwana biyun farko, kamfai a sauran, kuma mahaifinta da kansa ya kafa mata ƙusoshin igiyar. Allah ya ba mu ikon gyarawa.